Madarar Waken Suya: Abin Da Ta Ke Yi Wa Ƙashi Da Hanji

Yau maganarmu a kan waken suya ce, da madarar nan da mata su ke yi da shi a gida. Ina roƙon mata masu goyo, da waɗanda su ka yaye, da tsofaffi masu riƙon jikoki, su matso kusa. Maganar tasu ce fiye da ta kowa.

Kwanakin baya wata mata ta zo ɗakin shan magani a Mahuta da ɗanta, yaro ɗan shekara biyu da rabi. Ba ya zazzaɓi, ba ya gudawa, ga shi da ƙiba daidai gwargwado. Amma da ta sauke shi ya tsaya, sai na ga ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka. Na kama wuyan hannunsa, na ji ya yi kauri. Na ce mata, "Baiwar Allah, me ki ke ba shi tun da ki ka yaye shi?" Ta ce, "Malam, tuwon masara da koko, sai madarar waken suya safe da yamma. Ban taɓa fasawa ba." Na ce, "Nono fa?" Ta ce, "Ai nono ya yi tsada. Kuma ku ne ku ka ce mana madarar waken suya daidai ta ke da ta shanu."

Na yi shiru, domin gaskiya ta faɗa. Mu ma'aikatan lafiya mun daɗe muna yabon waken suya, kuma ya cancanci yabo. Sai dai mun faɗi rabin magana mun bar rabi. Sauran rabin na ke so in faɗa muku yau.

Waken suya baƙo ne a ƙasarmu. Asalinsa daga ƙasar Sin ya ke. An fara gwada shi a Ibadan cikin 1908, daga baya Tibi na Binuwai su ka riƙe nomansa sosai. Yanzu kuwa duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi da kaka zai gan shi a gona kusa da masara da dawa, har ma a filayen da a da auduga ce kaɗai. Manoma sun so shi domin yana gyara ƙasa. Mata sun so shi domin awara da daddawa da kunu. Wajen abin da ke gina tsokar jiki kuwa, babu irin waken da ya kama ƙafarsa. Fiye da sulusin nauyin busasshen waken suya abin gina jiki ne. Kofin madararsa, in ba a cika mata ruwa ba, ya yi kusa da kofin madarar shanu ta wannan fuska. Yaron da ke samunta ba safai tamowa ta kan kama shi ba. Abin da mu ka gaya muku ke nan, kuma har gobe haka ya ke.

To, amma tsoka dabam, ƙashi dabam.

Tsofaffin matan da su ka yi kaɗi sun san alli, farin garin nan da a ke shafawa a yatsa don mazari ya juya. Sun kuma san daga inda ya fito, watau ƙashin dabba ne a ke ƙonawa har ya yi fari a daka. Wannan farin abu da ya rage bayan wuta ta cinye sauran, shi ne ƙarfin ƙashi. Likitoci suna kiran babban sinadarin da ke cikinsa kalsiyam. Shi ne kuma a ɓawon ƙwai da haƙori. A jikin babban mutum akwai wajen kilo ɗaya, kusan duka a ƙashi da haƙora. Jiki ba ya iya ƙirƙirarsa, tilas sai daga abinci.

Ku ɗauki ƙashi kamar rumbu. Tun yaro yana ciki a ke zuba hatsi a wannan rumbu, ana ta zubawa har mutum ya kusa shekara 30. Daga nan zubi ya ƙare, sai lallaɓa abin da a ka tara. Jini yana bukatar kalsiyam ko wace rana domin zuciya da jijiyoyi su yi aiki. In abinci bai kawo ba, jini ba ya jira, sai ya shiga rumbu ya ɗiba. Yaron da ba a zuba masa isasshe ba, ƙashinsa ya kan yi taushi, nauyin jikinsa ya lanƙwasa shi, ya yi gwame ko ƙafar ta buɗe kamar ta yaron da na gaya muku. Tsohuwar da rumbunta ya yi ƙasa kuwa, ƙashinta ya kan zama kamar karan da gara ta ci, waje lafiya lau, ciki duk rami. Sai ka ji an ce ta zame a bakin rijiya, faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, amma ƙugu ya karye, ko wuyan hannu. Wata kuma bayanta ya rinƙa dunƙufewa, tsawonta yana raguwa. Mu kan ce tsufa ne. I, tsufa ne, amma da hannun abinci a ciki.

Yanzu ga lissafin. Ana auna kalsiyam da wani ƙaramin ma'auni, miligiram. Babban mutum yana bukatar wajen 1,000 a yini. Samari da 'yan mata masu tasowa, da matan da su ka daina al'ada, sun fi haka bukata. Kofi ɗaya na madarar shanu ko kindirmo, watau rubu'in lita, yana da wajen 300. Kofi ɗaya na madarar waken suya irin wadda a ke tacewa a gida kuwa ba ta cika wuce 60 ba, in an yawaita ruwa ma ba ta kai haka. Ashe abin da kofi ɗaya na kindirmo zai ba yaro, sai ya sha kofi biyar na waccan. Wane yaro ne ke da cikin da zai ɗauki wannan? Farinta ne ya ke ruɗin mutane. Ido ya ga fari, sai zuciya ta ce madara ce. Ai ruwan kamu ma fari ne.

Akwai madarar waken suya ta kwali wadda a ke sayarwa a kantunan birni. Waɗansu daga cikinsu masu yin su sun ƙara musu kalsiyam har sun kai ta shanu, kuma su kan rubuta haka a jikin kwalin. Wanda ya sayi irin wannan ya girgiza ta sosai kafin ya zuba, domin abin da a ka ƙara ya kan kwanta a gindi. Amma ba ita mu ke sha a ƙauye ba, sabo da haka ba zan daɗe a kanta ba.

Da can littattafan likita sun koyar cewa rashin hasken rana ne ke kawo lanƙwashewar ƙafar yara, domin rana ce ke sa fata ta yi bitamin D, shi kuwa shi ke buɗe wa kalsiyam ƙofa daga hanji zuwa jini. Haka abin ya ke a Ingila, inda rana ta ke wuyar gani. To, mu da rana ta ke dukanmu tun safe, me ya kawo mana? Likitoci a Jos su ka bi diddigin wannan, su ka buga abin da su ka gano cikin 1999. Sun ɗauki yara 123 masu wannan ciwo. Su ka tarar abincinsu bai fi ba su miligiram 200 a yini ba. Su ka raba su uku: waɗansu a ka ba su bitamin D kaɗai, waɗansu kalsiyam kaɗai, waɗansu duka biyu, har wajen wata shida. Waɗanda su ka sami kalsiyam su ne su ka fi warkewa. Daga baya, cikin 2015, a nan Jos ɗin a ka nuna ko garin busasshen kifi da a ka niƙa da ƙayarsa yana warkar da yaran. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Wani mai karatu zai ce, "Malam, ni na ji an ce waken suya yana ƙarfafa ƙashin mata." Akwai dalilin da ya sa a ke faɗin haka, kuma a nan ne maganar hanji ta shigo.

Mace tana da wani sinadari da jikinta ke yi, wanda ke tafiyar da al'ada, kuma shi ke tsare rumbun ƙashinta kada a yi ta ɗiba. In al'ada ta ɗauke, sinadarin nan ya ragu ƙwarai, sai ƙashi ya yi ta zuba da sauri shekaru da dama. A cikin waken suya akwai wani abu da ya yi kama da wannan sinadari, ana ce da shi isofilabon, amma ƙarfinsa bai kai ko kusa ba. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bi mata fiye da 24,000 waɗanda su ka daina al'ada, wajen shekara huɗu da rabi. Cikin 2005 a ka ba da labari cewa waɗanda su ka fi cin abincin waken suya sun fi sauran ƙarancin karaya. Jin haka sai 'yan kasuwa su ka shiga tatsar abin suna yin ƙwayoyi da shi. Amma a Miami ta Amurka an ba mata 248 gwaji, rabi ƙwayar gaske, rabi ƙwayar da babu kome a ciki, shekara biyu cur. Da a ka auna ƙashinsu cikin na'ura, a ka ba da sakamako cikin 2011, ba a ga bambanci ba. Ni a ganina darasin a fili ya ke. Matan Shanghai abinci su ke ci tun suna yara, tare da ganye da kifi, ba ƙwaya su ka haɗiya da tsufa ba. Kuma awararsu galibi da wani farin dutse mai kalsiyam a ke ɗaure ta. Tamu kuwa da ruwan tsami a ke yi, ko tsamiya, ko lemun tsami. Tana da daɗi, tana gina jiki, amma ba ta sami wannan ƙari ba.

Akwai kuma wani dalili. A cikin hanjin ko wane mutum, mai lafiya ma, akwai waɗansu ƙananan halittu masu rai da ido ba ya gani sai da madubin likita. Yawansu a cikin mutum guda ya fi yawan mutanen duniya sau dubbai. Kada ku tsorata. Mun saba jin an ce ƙwayoyin cuta, har mun ɗauka duk ƙwaya mugunta ce. Ba haka ba ne. Matar da ta zuba ɗan tsohon nono cikin sabuwar madara da dare, ta wayi gari ta tarar da kindirmo, irin waɗannan halittu ne su ka yi mata aiki. Su ne kuma ke tsamar da kamu. Na cikin hanji su ma aiki su ke yi mana. Suna cin abin da cikinmu ya kasa narkarwa, suna fid da abin da ke ciyad da bangon hanji, kuma suna tare wuri don miyagun ƙwayoyi masu kawo gudawa kada su sami masauki. Gonar da shuka ta rufe, ciyawa ba ta samun sarari.

Waken suya yana da wani irin zaƙi-zaƙi wanda cikin mutum ba ya iya narkarwa. Ya kan wuce har babban hanji, can halittun nan na kirki su same shi su ci su yaɗu. Wannan amfani ne na gaske. Shi ne kuma dalilin kumburin ciki da yawan iska da wanda bai saba ba ya kan ji, domin in suna ci suna fid da iska. Ba cuta ba ce. A fara da kaɗan, rabin kofi, ciki zai saba cikin 'yan kwanaki.

Abin mamaki shi ne, isofilabon ɗin nan da na ambata, waɗansu daga cikin halittun hanji su kan juya shi ya zama wani abu da ya fi shi ƙarfi. Amma ba kowa ke da masu wannan aiki a cikinsa ba. A ƙasashen Turawa mutum ɗaya ne cikin uku ko huɗu. A Japan da Sin da Koriya, inda a ke cin waken suya kaka da kakanni, wajen rabin mutane ne. Ashe mata biyu za su sha daga ƙwarya ɗaya, abin da jikin ko wacce zai samu ya bambanta. Sabo da haka kada wata ta dogara da wannan ta ce ta tsare ƙashinta. In an samu, ƙari ne. Tushe dai shi ne kalsiyam.

A nan zan ja kunnenku game da kafso da a ke saya a tebur ranar kasuwa. Mutum ya ji ɗan ciwon ciki ko mura, sai ya sayi biyu ya haɗiye. Irin wannan magani ba ya tambayar wace ƙwaya ce ta kirki, wace ce mugu, duka ya ke kashewa, kamar mai sa wa daji wuta don ya kama gafiya. In likita ya rubuta muku, ku sha, ku kuma ƙarasa shi yadda ya ce. In bai rubuta ba, ku bar shi.

Madarar waken suya tana da wani alheri ga mutanenmu. Da yawa cikinmu in sun sha ɗanyar madarar shanu sai ciki ya yi ta ƙugi, har da zawo. Cikin 1971 likitoci sun gwada kabilun Nijeriya, su ka tarar Fulani makiyaya galibinsu suna narkar da zaƙin da ke cikin madara har girmansu, amma yawancin sauran mutane su kan rasa wannan bayan yaye. Madarar waken suya ba ta da wannan zaƙi, ba ta tayar musu da ciki ta wannan hanya. Sai dai irin waɗannan mutane kada su guji nono gaba ɗaya. Nono mai tsami da kindirmo sun fi sauƙi a ciki, domin halittun da su ka tsamar da su sun riga sun cinye wani sashi na zaƙin. Kakanninmu da su ka riƙe fura da nono ba su yi wauta ba.

Maza kuma su kan tare ni a gefe su tambaya a hankali, wai gaskiya ne waken suya yana rage wa namiji ƙarfi? An tattara gwaje-gwaje da yawa da a ka yi a kan maza, cikin 2010 da kuma 2021, ba a ga ya rage sinadarin mazakuta ba. Ku ci awararku.

To, me za a yi? Ba na ce a daina madarar waken suya ba, ko kusa. Na ce kada a sa ta aikin da ba nata ba. Jariri kafin wata shida, nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba ya bukata. Daga wata shida a fara ba shi abinci, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. Kada a ɗura wa jinjiri madarar waken suya ta gida a maimakon mama, ko da uwa ta rasu ko ba ta da lafiya. A kawo shi asibiti a nuna muku abin da ya dace. Bayan yaye, a ba yaro madarar waken suya, amma a nema masa kalsiyam ta wata hanya. In da hali, ko ludayi biyu na nono mai tsabta ko wace rana. In babu hali, to ga abin da Jos ta koya mana: ƙananan busassun kifi, a gasa su sama-sama, a daka su da kai da ƙaya har su yi laushi, a tankaɗe, a rinƙa zuba cokali guda a miyar yaro ko a fatensa. Ga kuma kuka. Mu kan raina miyar kuka mu ce ta talaka ce, alhali ganyen kuka yana cikin ganyayen da su ka fi kalsiyam a ƙasar nan. Haka zogale, haka riɗi wanda ba a cire masa ɓawo ba. A yi miyar da kauri, yaro ya sha miya sosai, ba a dangwala masa loma a gefen kwano ba.

Kada wani ya ji na yi zancen alli ya je ya ba yaro alli ko farar ƙasa ya ci. Kanwa kuma, ko da ya ke fara ce, ba kalsiyam ba ce, dangin gishiri ce. Yawan gishiri ma sa kalsiyam ya ke yi ya fita ta fitsari.

Dusar da ta rage a ƙyalle bayan an tace madara, kada a kwashe duka a ba awaki. Rabo mai yawa na amfanin waken yana nan a cikinta, har da harzar da halittun hanji ke so. A cuɗa ta da garin ɗanwake ko ƙullun ƙosai, a dafa sosai. Rana kuma a bar yara su fita cikinta. Matan da ba su fita, su zauna a tsakar gida da hantsi su sha rana kaɗan. Daka da tafiya da ɗaukar kaya daidai ƙarfi duk suna ƙarfafa ƙashi, zaman wuri ɗaya ne ke raunana shi.

Saura dahuwa, kuma a nan ne a ke yawan kuskure. Ɗanyen waken suya yana da wani abu mai hana ciki narkar da abinci, wuta ce kaɗai ke kashe shi. A tsince wake, a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan jiƙon, a murje ɓawon a wanke. A kai inji cikin bokiti mai murfi. A tace da ƙyalle wankakke wanda ba a yin wani aiki da shi. In an ɗora a wuta, za ku ga kumfa ta taso tana neman zuba tun madarar ba ta tafasa ba. Mata da yawa a nan su ke saukewa, su ce ta dahu. Ba ta dahu ba. A rage wuta, a yi ta motsawa, a bar ta ta tafasa sosai minti 15 zuwa 20. Wadda ba ta dahu ba ita ke sa amai da murɗar ciki. Sukari kaɗan ya isa. A rufe ta sabo da ƙuda, a shanye ta a ranar, domin da zafin nan namu ba ta kwana. In ta canja wari ko ta fara kartsewa, a zubar, kada a ce asara ce a ba yara. Wanda kuma ya sha ya ga ƙuraje sun feso masa, ko leɓe ya kumbura, ya daina, ya zo mu gani.

Yaron nan na Mahuta mun aika da shi babban asibiti, a ka ɗauki hoton ƙashinsa, a ka sa shi a kan magani. Uwar tana daka masa kifi, ba ta kuma daina ba shi madararsa ba. Ƙafar ƙaramin yaro ta kan miƙe a hankali in an tare abin da wuri, amma aikin watanni ne, wani lokaci fiye da shekara. Duk wadda ta ga ɗanta ya yi jinkirin tafiya, ko yana kukan ciwon ƙafa, ko wuyan hannunsa ya yi kauri, ko gwiwoyinsa suna gugar juna, ta kawo shi ranar awo, ta zo da katinsa. Kada a kai shi wurin mai ɗori, ba karaya ba ce.